Babi na Biyar: Abin da Baƙi Ke Bar wa Wasali

Idan mutum ya yi maka raɗa a kunne, ta yaya kake bambanta "koma" da "goma"?

Duk wanda ya zauna a ajin Hausa an koya masa cewa abin da ya raba k da g guda ɗaya ne, wato ziza. Wurin furucinsu ɗaya, doron harshe ne ke tashi ya toshe iska a hanɗa, sai dai g na da ziza, k ba shi da ita. Haka t da d, haka s da z, haka c da j. Ɗora yatsa biyu a maƙogwaronka ka ja "sssss", sannan ka ja "zzzzz". A na biyun za ka ji wani ɗan kaɗawa a ƙarƙashin yatsunka. Zizar ke nan. Yanzu ka maimaita su cikin raɗa, za ka tarar kaɗawar ta ɓace gaba ɗaya. A bisa abin da aka koya mana, kamata ya yi mai raɗa ya kasa raba "sama" da "zama", amma kuwa masu gulma a gidan biki ba su taɓa kokawa da wannan matsala ba.

Wayar tarho ma haka take. Layin waya na gargajiya yana wucewa ne da sautin da ke kaɗawa tsakanin sau 300 zuwa sau 3,400 a sakan guda, abin da ya yi ƙasa da haka ya zubar da shi. Muryar namiji baligi kuwa tana kaɗawa ne wajen sau 100 zuwa 130 a sakan. Ashe gindin zizar kansa bai cika ƙetarawa ba. Ka ɗauki tashar motar PK8 a Libreville, babban birnin Gabon, inda motocin da ke shiga cikin ƙasa suke lodi a bakin babbar hanyar ƙasar mai lamba ɗaya. Ga ƙarar injuna, ga 'yan kamasho na kiran Oyem da Bitam da Lambarene, ga hayaniyar kasuwar ayaba a gefe. A cikin wannan ruɗani Bahaushen Bitam, wanda kakanninsa suka gangaro ta Kamaru fiye da shekara ɗari da suka wuce, zai kara waya a kunne ya yi ciniki da ɗan'uwansa, kuma mafi yawan lokaci su fahimci juna.

Wani zai ce ai ma'anar zance ce ke taimakawa, ba wanda zai ji "jaka koma" ya ɗauka ba kuɗi ake nufi ba. Gaskiya ne, kuma kaso mai yawa na abin da muke ji cikawa ce ƙwaƙwalwa ke yi. Amma ba kullum zance ke ceto ba. Wanda aka ce masa "akwai gada a gaba" ko "akwai kada a gaba" a kusa da Lambarene, inda hanyar ta tsallaka kogin Ogowe, duka biyun na iya zama gaskiya. Dole akwai wani abu a cikin sautin kansa. Amsar ita ce baƙi ba ya ƙarewa a inda aka furta shi. Yana taɓa wasalin da ke gabansa da wanda ke bayansa, kuma kunne ya fi dogara da wannan taɓawa fiye da yadda muke zato.

Tantani biyu a maƙogwaro

A cikin maƙwallato akwai wasu 'yan tsokoki biyu masu fuskantar juna, waɗanda littattafan Farfesa Mu'azu Sani Zariya suka sabar wa ɗaliban Hausa da kiransu tantanin maƙwallato. Idan suka matso kusa da juna iskar huhu ta ratsa tsakaninsu, sai su yi ta buɗewa da rufewa da sauri. Wannan ita ce ziza. Idan suka ware, iska ta wuce salin-alin, sai a sami sauti marar ziza. Kowane wasali mai ziza ne. Saboda haka kalma kamar "fata" aiki ne na kunnawa da kashewa: a kashe don f, a kunna don a, a kashe don t, a sake kunnawa don a. A "fada" kuwa, da zarar an kunna ba a sake kashewa har ƙarshe.

Malamanmu na allo da na zaure sun riga 'yan boko sanin wannan rabo. Tun a ƙarni na 8 Sibawaihi ya kasa haruffan Larabci gida biyu, masu jahari da masu hamsi, ya lissafa goma a gidan hamsi, kuma har yau da wannan kason ake koyar da tajawidi. Rabonsa bai yi daidai da na masana sauti na yanzu ɗari bisa ɗari ba, amma kunnen da ya yi shi kunne ne na gaske.

Abin da na'ura ta ƙara mana shi ne lokaci. A 1964 Leigh Lisker da Arthur Abramson suka auna baƙaƙe tsayau a harsuna 11, suka nuna cewa abin da ya fi raba irin su p da b shi ne yaushe ziza ta fara idan aka kwatanta da lokacin da leɓɓa suka buɗe. Ana auna wannan da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. A Faransanci, kamar a Hausa, b da d da g suna fara ziza tun baki na rufe. A Turancin Ingila da Amurka kuwa b na farkon kalma sau da yawa ba shi da ziza sam kafin leɓɓa su buɗe, abin da ke raba shi da p shi ne hucin iskar da ke biyo bayan p. Ka ga tun a nan kalmar "mai ziza" ta fara zama suna ɗaya da ke rufe abubuwa daban-daban.

Abubuwa uku da wasali ke ɗauka

A 1953 wasu Amurkawa biyu, Arthur House da Grant Fairbanks, suka sa mutane furta wasula a tsakanin baƙaƙe iri-iri, suka auna. Abin da suka gani shi ne tushen kusan duk abin da aka yi a wannan fage daga baya.

Na farko tsawo. Wasalin da baƙi mai ziza ke bi ya fi tsawo a kan wanda marar ziza ke bi. Gordon Peterson da Ilse Lehiste sun sake aunawa a 1960, suka tarar a Turanci idan wasali ya ɗauki kashi uku kafin mai ziza, kashi biyu yake ɗauka kafin marar ziza. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Shekara goma bayan haka Matthew Chen ya duba Faransanci da Rashanci da harshen Koriya, ya sami abu guda, sai dai bai kai na Turanci girma ba. Dalilin bai rasa nasaba da cewa rufewar baki a t ko k ta fi daɗewa a kan ta d ko g. Riƙe ziza alhali baki na rufe abu ne mai wuya, domin iska na taruwa a baki ta hana wata fitowa daga huhu, don haka mai magana yakan gaggauta buɗewa. Lokacin da baƙi ya rage, wasali ne ke cinye shi.

Na biyu kaifin murya. Wasalin da ya biyo bayan marar ziza yana farawa da murya a ɗan sama, sannan ya sauko. Wanda ya biyo bayan mai ziza yana farawa a ɗan ƙasa. Mai kalangu ya san wannan a hammatarsa: idan ya matse tsarkiya fata ta ɗame, sauti ya yi sama, idan ya saki ya yi ƙasa. Don a kashe ziza a k sai an ɗan ɗame tantanin, kuma ba ya sakewa nan take, sai wasalin ya fara a kan ɗamammen tantani. A g kuwa maƙwallato kan ɗan sauka don a sama wa iska wuri, tantanin ya saki. Masana sun rabu a kan ko wannan abu ne da jiki ke yi ba da niyya ba, ko kuwa mai magana ne ke ƙara masa gishiri don a ji shi da kyau. John Kingston da Randy Diehl sun kare ra'ayi na biyu a 1994. Ni dai ina ganin duka biyun na aiki, jiki ne ke farawa, harshe kuma ya zaɓi ko ya zuzuta abin ko ya danne shi, kuma sauran wannan babi hujja ce a kan haka.

Na uku launin wasalin. Wannan ya fi wuyar bayani ba tare da zane ba, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Kogon baki da na maƙoshi suna ƙarfafa wasu sassan sauti, su ne ke sa a ta bambanta da i. Mafi ƙasa daga cikin waɗannan sassa yakan yi ƙasa a bakin iyakar wasali da baƙi mai ziza. Wanda ya yi tajawidi ya san baƙi na rina wasali, domin fatahar da ke kan sadi ba irin ta kan sinun ba ce. A Hausa ma gajeren wasali ba shi da taurin kai, shi ya sa ake jin "biki" da "buki", "fushi" da "fishi".

Mai raɗa ya rasa ziza, amma tsawon wasali da daɗewar rufewar baki da ƙarfin fashewar iska duk suna nan. Layin waya ya yanke gindin murya, amma ya bar rassanta na sama, kuma daga gare su kunne ke gano inda murya ta tashi da inda ta sauka.

Sha biyu a Libreville, jaka a Kano

Bahaushen Gabon yakan tashi da harsuna uku a baki: Hausa a gida, Fang a unguwa idan ɗan lardin Woleu-Ntem ne, Faransanci a makaranta da kasuwa. A tasha kalmomi biyu da ya fi ji su ne car, wato motar fasinja, da gare, wato tashar kanta. K da g ne kawai tsakaninsu, kuma a farkon kalma, inda Hausa ta riga ta horar da kunnensa. Ba ya shan wahala a nan.

Wahalar na ƙarshen kalma. Faransanci na da douze, sha biyu, da douce, mai daɗi ko mai laushi. A rubuce z da c mai furucin s ne suka raba su, amma Bafaranshe yana jan wasalin douze sosai, domin z na cikin baƙaƙen da ke tsawaita wasali a harshensa. Wanda ya furta z ɗinsa tsaf amma ya gajarce wasalin, za a ji baƙunta a bakinsa. Wanda ya ja wasalin ya bar z ɗin ya mutu ya koma kusan s, ba wanda zai ɗaga kai.

Haka abin yake ga ɗan Kano da Turanci. Kalmomin back da bag, ko seat da seed, malamin firamare yakan dage wa yara su fito da g ɗin ko d ɗin ƙarshe da ƙarfi, har wasu su ƙara masa wasali. Bature kuwa sau da yawa bai cika zizar wannan baƙin ba, wasalin yake ja. Da za a ce wa yaro "ja wasalin bag kamar na 'baki', ka datse na back", da an rage masa shekarun wahala. Abin takaici shi ne Bahaushe ya fi yawancin masu koyon Turanci kunnen jin tsawon wasali, amma ba a cika nuna masa cewa a nan zai yi amfani da shi ba.

Darasi daga Lituwaniya

Lituwaniya ƙaramar ƙasa ce a gaɓar tekun Baltik a arewacin Turai, babban birninta Bilniyus, masu jin harshenta kimanin miliyan 3. Ba abin da ya haɗa harshen da Hausa ta fuskar asali, amma sun yi tarayya a abu biyu da ke da muhimmanci a nan. Tsawon wasali na canza ma'ana a cikinsa, kuma tashi da saukar murya a kan doguwar gaɓa ma na canza ma'ana: kalmar aukštas na nufin "mai tsayi" ko "hawan bene", ya danganta da yadda aka karya murya a gaɓar farko.

Ziza a harshen ba ta da tabbas a ko'ina. Baƙi yana bin wanda ke gabansa, shi ya sa b ɗin dirba, "yana aiki", ke komawa p a dirbti, "yin aiki", ko da yake a rubuce b ne. A ƙarshen kalma kuma zizar mutuwa take yi, daug, "da yawa", ana furta shi da k.

Tambayar da ta ja hankalin masana ita ce wannan. Idan tsawon wasali ya riga ya zama abin da ke raba kalma da kalma, shin harshe zai yarda baƙi ya riƙa ja da datse wasalin yadda ya ga dama? James Flege da Robert Port sun auna Larabcin Saudiyya a 1981, harshen da kowane almajiri ya san yana raba fataha da madda, suka tarar tasirin ziza a kan tsawon wasali bai taka kara ya karya ba. Lituwaniyanci ya ba da damar gwaji mafi kyau, domin a cikin harshe ɗaya akwai wasula masu takwara, dogo da gajere, akwai kuma irin ė, wanda dogo ne kawai ba shi da gajeren ɗan'uwa. Rebeka Campos-Astorkiza ta auna wannan a kundin digirinta na uku a Jami'ar Kudancin Kaliforniya a 2007. Ta tarar ziza na tsawaita wasali a harshen, amma ta fi yin tasiri a kan wasalin da ba shi da takwara. Inda ja ko datsewa zai iya sa a rikita kalma da wata, masu harshen sun taƙaita abin ba tare da sun san suna yi ba.

Yadda Hausa ta rufe ƙofar

Hausa na cikin harsunan da tsawon wasali ba abin wasa ba ne a cikinsu, duk da cewa rubutun boko ba ya nuna shi. "Dafa" abinci da "dafa" kafaɗar aboki, "gari" na mutane da "gari" na tuwo, "gado" na kwanciya da "gado" na magada, a kowanne ɗaya gajere ne ɗaya dogo. Rubutacciyar waƙa kacokan a kan wannan ta tsayu, gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kuma marubucin da ya sa gajere a gurbin dogo an ce waƙarsa ta karye.

Sai dai Hausa ta yi wani abu da ya wuce taƙaitawa. Wurin da wannan tasiri ya fi ƙarfi a Turanci shi ne rufaffiyar gaɓa, wadda ta ƙare da baƙi. A Hausa kuwa rufaffiyar gaɓa ba ta ɗaukar dogon wasali ko kaɗan. Wasalin ƙarshen "gida" dogo ne, amma da ka ce "gidan Audu" ya gajarce. Haka "riga" da "rigar Binta". Idan e ko o ne abin ya shafa, har launinsa yakan sauya ya karkata zuwa a, shi ya sa jam'in "reshe" ya zama "rassa". Ba ruwan wannan doka da ko baƙin mai ziza ne ko marar ziza, kowa datsewa yake yi.

Sannan baƙaƙen da za su iya rufe gaɓar ma Hausa ta rage su tun da daɗewa. Wani masani Bajamushe, August Klingenheben, shi ya fara tsara bayanin a ƙarshen shekarun 1920, har ake kiran abin da sunansa. K ko g da ya faɗo ƙarshen gaɓa ya koma u: daga "talaka" aka sami "talauci". T ko d ya koma r: jam'i "fatake", tilo "farke". Na leɓɓa kuma nan ne kare-karen harshe suka rabu, kuma kowa na iya ji da kunnensa a yau. Basakkwace da Bakatsine da mutumin Maraɗi suna cewa "sabro", "sabka", "zamna", "amre", Bakano na cewa "sauro", "sauka", "zauna", "aure". A bakin Bakano baƙin ya narke ɗungurungum ya zama wutsiyar wasali. S da z sun tsira a wannan gurbi, amma ba su da ta cewa a kan zizarsu, wanda ke gabansu suke bi, daidai da dirbti na Lituwaniya: "fuska" da "kasko" da s, "fizge" da "hazbiya" da z.

Kalmomin aro ma ba su tsira ba. Sunan da ya ƙare da d a Larabci sai Bahaushe ya ƙara masa wasali, a sami Dauda da Mas'udu da Muhammadu. Mai karatun Alƙur'ani ba shi da izinin ƙara wasali, shi ya sa aka koya masa ƙalƙala, ɗan girgizan nan da ake yi wa ba da dal da jim masu ɗauri don kada su shaƙe a rasa su.

Abin da ya rage wa Hausa shi ne buɗaɗɗiyar gaɓa, inda baƙin da ke biye yake farkon gaɓa ta gaba. Nan ga wani aiki a shirye ga ɗalibin Bayero ko na Ahmadu Bello ko na Abdu Mumuni a Yamai. A tsakiyar asalin kalmomin Hausa, e da o na buɗaɗɗiyar gaɓa dogaye ne, kamar dai ė ɗin can, alhali a na da dogo da gajere. A ɗauki "fata" da "fada" a gefe guda, "ƙota" da "ƙoda" a ɗaya gefen, karin sautinsu ɗaya, a auna wasalin farko a bakin mutane da dama, a ga wanne d ya fi ja.

Inda baƙi ya zama kari

Kaifin murya ya fi ban sha'awa, domin a nan ƙaramin abu kan girma ya zama nahawu.

Hausa harshe ne mai karin sauti. "Wuya" na jiki sama-ƙasa ne, "wuya" ta wahala ƙasa-sama. "Kuka" na hawaye sama-sama, "kuka" ta miya sama-ƙasa. Amma karin Hausa bai damu da irin baƙin da ke farkon gaɓa ba. "Koma" da "goma" duka da karin sama suka fara, "kare" da "gari" na mutane duka da karin ƙasa. Jean-Marie Hombert, Bafaranshen da daga baya ya shafe shekaru yana nazarin harsunan Gabon daga Lyon, ya kwatanta Turanci da Yarabanci a shekarun 1970. A Turanci ɗagawar da marar ziza ke yi wa murya takan wuce milisakan 100 a cikin wasali. A Yarabanci, mai kari uku da za a kiyaye, tana nan amma takan mutu da wuri. Abin da aka gani a tsawo shi aka sake gani a kari. A 1979 shi da John Ohala da William Ewan suka wallafa maƙalar da ta zama madogara a kan yadda harsuna ke samun kari daga baƙaƙe.

Ba sai an je nesa ba don a ga inda aka saki linzamin. A Nufanci na ƙasar Bida, karin ƙasa na ɗafa-goshi yana tsallaka baƙi mai ziza ya hau kan wasalin da ke gaba, amma marar ziza na tare shi. Aikatau pa, ɓarewa, da ba, yin tsami, duka masu karin sama ne. Idan aka sa musu e mai karin ƙasa a gaba, pa na nan a samansa, ba kuwa sai ya fara daga ƙasa ya hau. A Yobe, harsunan Bade na Gashuwa da Ngizim na Potiskum, 'yan'uwan Hausa na jini a dangin Cadi, suna yin kishiyar haka da karin sama. Marigayi Russell Schuh na Jami'ar Kaliforniya a Los Anjalis, wanda ya wallafa ƙamus na Ngizim a 1981, ya nuna cewa karin sama na wakilin suna yakan malala zuwa gaɓar farko ta aikatau, sai fa idan b ko d ko g ko z ya tsaya a ƙofa. A Bade gaɓar farko ta kataw, komawa, takan ɗaga bayan wakilin suna mai karin sama, ta gafaw, kamawa, kuwa tana nan a ƙasa.

Mataki na gaba shi ne zizar ta tafi ta bar karin shi kaɗai. André Haudricourt ya nuna a 1954 cewa haka harshen Biyetnam ya sami karinsa shida: uku daga baƙaƙen ƙarshen kalma da suka ɓace, sannan kowanne ya rabu biyu lokacin da b da p, d da t suka haɗe a farkon kalma. Ana iya ganin irin wannan yana faruwa a harshen Kera na kudu maso yammacin Cadi, wajen Fiyanga. Mary Pearce ta tarar mutanen ƙauye sun fi dogara da kari wajen raba kalmomin da a rubuce ziza ce ta raba su, alhali 'yan birni da suka cuɗanya da Faransanci sun fi riƙe bambancin a kan baƙin. Harshe ɗaya, zamani ɗaya, kunne iri biyu. Wanda ya san wannan ba zai yi mamaki ba idan ya ji Hausar yaron da ya tashi a PK8 cikin Faransanci ta ɗan sha bamban da ta kakarsa a Bitam, ko da kalmominsu ɗaya ne.

Ka auna da kanka

Abin da House da Fairbanks suka buƙaci ɗakin gwaji don su yi, yau ana yinsa da wayar hannu da kwamfuta. Akwai manhaja mai suna Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira, kuma kyauta ake sauke ta. Shiga ɗaki marar hayaniya, ka kashe fanka, ka naɗi muryarka kana cewa "na ce koma yanzu", "na ce goma yanzu". Kada ka furta kalmar ita kaɗai, domin ƙarshen zance na ja wa wasali tsawo kuma yana saukar da murya. Idan ka buɗe sautin za ka ga wani baƙin zane kwance a can ƙasa lokacin da baki ke rufe don g, a k kuwa wurin fari fat. Sannan ka kunna layin da ke bin kaifin murya ka dubi farkon o ɗin kowanne. Ka maimaita sau da yawa kafin ka yanke hukunci, domin furuci ɗaya ba ya zama hujja.

Idan ka gama, ka gwada "dafa" da "ɗaga", ko "bata" da "ɓata". A nan lissafin zai rikice maka. Ɓ da ɗ ana lissafa su cikin masu ziza, kuma maƙwallato na sauka a furucinsu fiye da yadda yake sauka a b da d, don haka kamata ya yi su fi kowa danne murya. Amma a Bade da Ngizim ba sa tare karin sama, ba sa shiga sahun b da d. A 1992 Geoffrey Lindsey da Katrina Hayward da Andrew Haruna sun ɗaura wa masu jin Hausa na'ura a maƙogwaro don su ga abin da tantanin ke yi a lokacin furta waɗannan baƙaƙe. Abin da ɓ da ɗ da ƙ da ts ke yi wa murya, da dalilin da ya sa su ne na ƙarshe da baƙon harshe ke iya kamawa, shi za mu duba a babi na gaba.